Skopje: Birnin da Ya Yafa Mayafin Aro a Kan Tabonsa

Ranar Asabar da ta wuce wani tsohon abokin karatuna ya turo bidiyo a zauren WhatsApp ɗinmu na 'yan aji. Birni ne da dare, fitilu sun haske fararen gine-gine masu dogayen ginshiƙai a bakin kogi, ga wani ƙaton mutum-mutumi na jarumi a kan doki ya zare takobi, ruwa na tsiri a ƙarƙashinsa. A ƙasa ya rubuta: "Ku ga yadda Turawa ke riƙe kayan kakanninsu. Ginin shekara dubu biyu, kamar jiya aka gama shi."

Da farko dariya na yi, daga baya kuma abin ya tsaya min a rai. Ai jiyan aka gama shi. Garin Skopje ne, babban birnin Makedoniya ta Arewa a yankin Balkan. Gidan tarihin da ya fi burge abokin nawa a bidiyon, a 2014 aka buɗe shi. 'Yata ta fari ta girme shi. Dokin kuwa a 2011 aka kafa shi.

Na san haka ne saboda na je garin a ƙarshen 2019, wani taro na kwana huɗu ya kai ni, daga Istanbul tafiyar awa ɗaya da ɗan wani abu ce a jirgi. Taron bai ci lokaci sosai ba, don haka na taka garin da ƙafa yadda nake so.

Bari in faɗi matsayina tun yanzu. Abin da gwamnatin ƙasar ta yi wa tsakiyar Skopje daga 2010 zuwa wajen 2017 gyaran gangar Auzinawa ne. Kuɗin da aka zubar abin takaici ne, amma ba su ne suka fi damuna ba. Abin da ya fi damuna shi ne garin yana da tarihi na gaske, mai nauyi, wanda birane kaɗan ne a duniya ke da irinsa, sai aka ɗauko filasta aka shafe shi, aka zana masa wani tarihin da bai taɓa yi ba.

Abin da aka yi

A watan Fabrairun 2010 gwamnatin Firaminista Nikola Gruevski ta jam'iyyar VMRO-DPMNE ta fitar da wani bidiyo na yadda tsakiyar birnin zai koma, aka sa wa shirin suna "Skopje 2014". Da yawa sun ɗauka wasa ne. Kafin ka ce kwabo aka fara zuba gumakan tagulla da na marmara a dandali, aka gina sababbin gadoji aka jera musu mutum-mutumi hagu da dama, aka kafa wata ƙofar nasara mai suna Porta Makedoniya irin ta birnin Paris, aka gina ma'aikatu da gidajen tarihi masu ginshiƙan tsohuwar Girka. Har jiragen ruwa na katako, irin na 'yan fashin teku a fim, aka dasa a cikin kogin Vardar a kan turakun kankare, a ƙasar da ba ta da ko taƙi ɗaya na gaɓar teku.

Da an tsaya a sababbin gine-gine da da sauƙi. Sai aka juya kan tsofaffin. Gidan gwamnati, wanda Petar Muličkovski ya zana aka gama a 1970, an lulluɓe shi da farar fuska mai ginshiƙai har ya koma kamar ƙanin fadar White House ta Amurka. Mai zanen yana raye lokacin, ya yi ƙorafi, ba a saurare shi ba.

Wata safiya na tsaya a gaban ɗaya daga cikin gine-ginen da aka yi wa irin wannan riga, kusa da dandalin. Na kai hannu na ƙwanƙwasa ginshiƙin da bayan yatsa. Ƙara ya yi, ƙwal ƙwal, kamar ka bugi ƙwarya. A ƙasa, inda ruwan sama ke taruwa, fatar ta ɓantare, ana hango wani farin abu a ciki irin soson nan da ake naɗe sabon firji a kwali. Wani dattijo mai jan kare ya gan ni ina leƙe, ya ɗaga kafaɗa, ya yi wani murmushi ya wuce. Ba mu da harshe ɗaya da shi, amma na ji abin da ya ce.

Abin da ke ƙarƙashin rigar

Ranar 26 ga Yulin 1963, da ƙarfe 5:17 na asuba, girgizar ƙasa ta afka wa Skopje. Mutum fiye da 1,000 suka mutu, kusan kashi 80 cikin 100 na garin ya rushe ko ya lalace, wajen mutum 200,000 suka rasa matsuguni. Agogon da ke jikin tsohuwar tashar jirgin ƙasa ya tsaya a daidai wannan minti. Har yau yana nan a tsaye a 5:17, an bar abin da ya rage na tashar yadda yake, an mayar da shi gidan tarihin birni.

Abin da ya biyo baya shi ne labarin da ya kamata duk wanda ya ji sunan Skopje ya sani. Lokacin ƙasar tana cikin tarayyar Yugoslabiya ta Shugaba Tito, wadda ba ta bin Amurka, ba ta bin Tarayyar Sobiyet. Ba a cika shekara guda da rikicin makamai masu linzami na Kyuba ba, lokacin da saura ƙiris manyan ƙasashen biyu su ƙone duniya. Amma ga shi Amurka ta turo asibitin soja, Sobiyet ta turo sojojinta injiniyoyi, duk don garin nan ɗaya. Ƙasashe fiye da 70 suka kawo gudummawa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta shiga aikin sake gina birnin da kanta.

Gudummawar ba ta tsaya a barguna da tantuna ba. Folan ta ba da gidan adana zane-zanen zamani, wanda ke kan tudu kusa da tsohuwar ganuwar Kale, aka buɗe shi a 1970, masu zane daga sassan duniya suka aiko da ayyukansu kyauta, har da Picasso. Romaniya ta gina asibiti, har yau da sunan Bukares, babban birninta, ake kiransa. Suwizalan ta gina makarantar firamare ta Pestalozzi, wadda aka ɗora a kan manyan dunƙulen roba don in ƙasa ta motsa ginin ya yi lilo maimakon ya karye, kuma tana cikin gine-ginen farko a duniya da aka yi wa wannan dabara. In kana yawo a unguwannin da aka gina bayan girgizar, za ka ga tituna da sunayen ƙasashe da biranen da suka taimaka.

A 1965 aka yi gasar zana sabuwar tsakiyar birni. Kenzo Tange, ɗan Japan, wanda ya zana gidan tunawa da bam ɗin Hiroshima, shi ya ɗauki kashi 60 na kyautar, sauran kashi 40 suka tafi ga wasu masu zane biyu daga Zagreb. Duk wanda ya taɓa bi ta tsakiyar Abuja ya taka aikin mutumin nan ko bai sani ba, domin shi aka bai wa zanen tsakiyar birnin tarayyar Nijeriya bayan shekara goma sha wani abu. Na tsaya a wani faffaɗan titi a Skopje na ji kamar na san wurin, sai daga baya na gane dalili.

Tange ya yi tunanin birnin kamar tsohon gari mai ganuwa da ƙofa. Ya jera dogayen gidajen kwana a zagaye da tsakiyar garin ya kira su "Ganuwar Birni", ya sa tashar jirgin ƙasa a sama, bisa wata doguwar gada ta kankare, a matsayin wani ɓangare na "Ƙofar Birni". Ba a gama shirin duka ba, kuɗi suka yanke. Amma a cikin waɗannan shekaru aka gina abubuwan da masana zanen gini ke tasowa daga nesa su zo kallo: babban gidan waya na Janko Konstantinov mai kama da furen kankare da ya buɗe, ɗakunan kwanan ɗalibai na Goce Delčev da Georgi Konstantinovski ya zana, harabar jami'ar Kiril da Metodi, da gidan opera mai fararen kusurwoyi kamar tulin ƙanƙara.

Wannan shi ne gadon garin, kuma babu wani birni da zai ce nasa ne. Shi aka ga ya kamata a ɓoye.

"Amma ai kankaren nan muni gare shi"

Wannan ita ce hujjar da aka fi kawowa, kuma ba zan yi musun cewa tana da ƙanshin gaskiya ba. Ranar da na je gidan wayar nan ana yayyafi. Kankaren ya yi baƙi-baƙi, ruwa ya zana masa layuka kamar hawaye a fuskar da ta sha kwalli. Babban zaurensa gobara ta cinye shi tun 2013, kuma shekara shida bayan nan na tarar da shi a rufe, ba a gyara ba. Wanda ya tashi a cikin irin waɗannan gine-gine, da lif ɗin da ba ya aiki da matakala mai duhu, in ya ce ya gaji da su, ba ni da bakin ce masa bai san kyau ba. Kuma Tange ba waliyyi ba ne. Shirin sake ginin ya share wasu tsofaffin unguwanni, ya shimfiɗa titunan da sai mai mota ke jin daɗinsu.

To amma a duba abin da hujjar ke cewa da kyau. Ginin ya yi muni ne saboda an bar shi shekara arba'in ba wanki ba gyara. Ko gidan ƙasa ne, in ka bar shi damina biyar ba yaɓe, zai koma kufai, kuma ba wanda zai zagi maginin. Kuɗin da aka kashe a kan doki ɗaya da zakunansa, da an karkatar da su, da zauren gidan wayar ya daɗe da buɗewa. An ƙi yi wa mara lafiya wanka, sannan aka ce ƙazami ne, aka rufe shi da zane.

Kuma ba gaskiya ba ne cewa duk mutanen garin sun tsani kankarensu. Akwai wata babbar kasuwar zamani a tsakiyar birnin da suke kira GTC, wadda Živko Popovski ya zana aka buɗe a 1973. Ba ta da ƙofofin da ke rufe mutum a ciki, hanyoyi ne suka ratsa ta, mutane na bi ta cikinta daga dandali zuwa unguwa kamar yadda ake yanke ta cikin kasuwa. Da aka ce ita ma za a sa mata ginshiƙai da ƙubbobi, mutane suka fito suka riƙe hannun juna suka zagaye ta. A 2015 aka yi ƙuri'ar raba gardama a ƙaramar hukumar da take. Waɗanda suka fito ba su kai adadin da doka ta nema ba, amma fiye da kashi 90 cikin 100 nasu sun ce a bar kaza cikin gashinta. Na shiga cikinta, na sayi safa biyu saboda sanyi. Tana nan yadda take.

"Kowace ƙasa haka ta yi"

Wannan hujjar ta fi ta farko ƙarfi. Ginshiƙan birnin Washington ai ba Girkawa ne suka kafa su ba. Ita kanta Atina, da aka mayar da ita babban birnin Girka a shekarun 1830 ƙaramin gari ce, sarkin ma Otto daga Babariya ta Jamus aka kawo shi, jami'arta da babban ɗakin karatunta masu kama da tsofaffin haikali kuwa wasu 'yan'uwa biyu 'yan Denmak ne suka zana su. To in an yafe wa waɗannan, me ya sa za a tsangwami ƙaramar ƙasa mai mutum ƙasa da miliyan 2 don ita ma ta yi kwalliya?

Amsata kashi biyu ce. Na farko, waɗancan sun gina ne da dutse a fili, a zamanin da salon ke tashe, ba su ɗauko soso sun manna a jikin ginin wani mai zane da ke raye ba. Na biyu, a yankin Balkan ɗin kansa akwai misalin yadda ake mayar da abin da aka rasa da mutunci. Tsohuwar gadar Mostar a Bosniya, wadda aka gina a zamanin Turkawa, an rusa ta da igwa a 1993, aka sake gina ta da irin dutsenta na asali daga yankin, aka buɗe a 2004. Ginin majalisar birnin Sarayebo, wanda ya zama babban ɗakin karatu na ƙasa aka ƙone shi a 1992, an mayar da shi yadda yake a 2014. A duk biyun akwai abin da ya taɓa tsayuwa a wurin, akwai hotunansa, akwai masu kukan rashinsa.

A Skopje ma akwai biyu-uku irin wannan, kuma zan ba su haƙƙinsu. Tsohon gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da girgizar ta lalata an sake gina shi, ba ni da ja a kansa. Sai dai ko a nan akwai ƙura. An ɗauko aikin mayar da tsohon Gidan Hafsoshi a bakin dandali, ana cewa ana dawo da tarihi. Shi kuwa wannan gida a kan filin masallacin Burmali aka gina shi, masallacin da ya tsaya a wurin tun ƙarshen ƙarni na 15 har hukumomin Sabiya suka rushe shi a 1925. Musulmin garin sun ce in dai tarihi ake mayarwa, ga wanda ya riga. Ba a mayar da masallacin ba. Ashe dai ba tarihi ake bi ba, zaɓe ake yi a cikinsa.

Ƙetaren gada

Daga dandalin da dokin yake, in ka bi Gadar Dutse ka haye kogin Vardar, za ka shiga wata duniya. Ita gadar tun ƙarni na 15 take, zamanin Sultan Muhammadu na Biyu, wanda ya ci Istanbul. Turkawa sun riƙe garin daga 1392 zuwa 1912, suna kiransa Uskub. Shekara 520 ke nan, ba kwana biyu ba.

A can ne tsohuwar kasuwa take, wadda suke kira Čaršija. Lunguna ne na dutse, ƙananan shaguna na maƙeran zinariya da masu ɗinkin takalma, ƙamshin tsire da na wake da ake gasawa a kaskon ƙasa. Akwai zangunan fatake na da, Kapan An da Suli An da Kuršumli An, masu tsakar gida a tsakiya, ƙasa na dabbobi da kaya, sama na kwanan baƙi. Na ƙarshen ya samo sunansa ne daga darmar da aka rufe ƙubbobinsa da ita. Akwai gidan wanka na Daut Pasha da aka mayar gidan nuna zane-zane. A kan tudu kuma ga masallacin Mustafa Pasha, wanda aka gina a 1492, shekarar da Kolumbus ya isa Amurka.

A nan na yi sallar La'asar. Bayan an idar na zauna a farfajiya, cikin itatuwan wardi da sanyi ya kakkaɓe. Wani tsoho ɗan Albaniya ya yi min sallama, ya ja ni wani shago ya sa aka kawo min shayi a ɗan kofin gilashi mai siririn ƙugu, ya hana ni biya. Na dafa bangon masallacin kafin in tafi. Sanyi ƙalau, ba ƙara, ba amsa-kuwwa. Girgizar 1963 ta taɓa shi, aka gyara, yana nan.

Ƙasa kaɗan da masallacin akwai cocin Sveti Spas, wanda rabinsa a cikin ƙasa yake, domin a zamanin Turkawa ba a yarda coci ya yi tsawo sosai ba. Wannan ma tarihi ne, kuma ba na daɗi ba, bai kamata Musulmi ya kau da kai daga gare shi ba. A cikinsa akwai wani bangon katakon goro da masassaƙa uku suka shafe shekaru suna sassaƙawa a farkon ƙarni na 19, har suka saka siffofin kansu a wata kusurwa, riƙe da kayan aikinsu. Na daɗe a gabansa fiye da yadda na daɗe a gaban duk gumakan dandalin a haɗe.

Yanzu ka koma dandali ka juyo ka kalli wannan ɓangare. Sababbin fararen gine-ginen an jera su ne a bakin kogin kamar labule, ga wani ƙaton gunki na mahaifin jarumin nan na kan doki ya ɗaga dunƙulallen hannu a daidai hanyar shiga kasuwar. Hasumiyoyin da a da ake hangowa sai ka leƙa. Masu sukar shirin sun daɗe suna cewa da gangan ne. Ban shiga zuciyar kowa ba. Amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen ƙasar 'yan ƙabilar Albaniya ne, kusan kashi ɗaya cikin uku Musulmi ne, an yi rikicin makamai tsakanin gwamnati da 'yan tawayen Albaniya a 2001, kuma a cikin tulin gumakan nan nasu ba su taka kara sun karya ba. Da harajinsu aka yi aikin.

"Girka ce ta tsokane su"

Nan ma akwai gaskiya. Tun da ƙasar ta sami 'yanci a 1991 Girka ta ƙi yarda ta amsa sunan Makedoniya, tana cewa suna ne na lardinta na arewa da na Iskandari, wanda Turawa ke kira Alezanda. A 2008 ta tare mata hanyar shiga ƙungiyar NATO. Bulgeriya kuma tana cewa harshensu reshen nata ne. Mutumin da maƙwabta suka ce masa sunanka ba naka ba ne, bakinka ba naka ba ne, dole zuciya ta ɗebe shi. Na fahimci fushin.

Sai dai dubi inda fushin ya kai su. An haifi Iskandari a Pella, wadda yau take cikin Girka, ya mutu a shekara ta 323 kafin haihuwar Annabi Isa. Kakannin masu harshen Silab da ke ƙasar yau sun iso yankin ne wajen shekara 900 bayan mutuwarsa. Gwamnatin da ta kafa gunkinsa, wato dokin nan na dandali, mai tsawon fiye da mita 20 har da gindinsa, ta kasa ma kiran sunansa a hukumance. "Jarumi a Kan Doki" aka rubuta. Ka kashe miliyoyi ka kafa kakanka a tsakar gida, sannan ka ji tsoron ambaton sunansa.

A 2018 sabuwar gwamnati ta Zoran Zaev ta sa hannu a yarjejeniyar Prespa da Girka, ƙasar ta koma Makedoniya ta Arewa a 2019, ta shiga NATO a 2020. An cire sunan Iskandari daga filin jirgin sama. A gindin gumakan kuma aka manna alluna masu bayanin cewa waɗannan mutane na tsohon tarihin Girka ne. Wato yanzu ƙasar tana da babban gunki a tsakiyar birninta, wanda ta biya da kuɗinta, mai ɗauke da shaidar cewa na maƙwabciya ne. An sayar da kare an sayi biri.

Ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu?

Ana cewa ai baƙi sun ƙaru. Sun ƙaru, kuma ni ma na ɗauki hoton dokin, ba zan ɓoye ba. Amma shekarun nan su ne kuma shekarun da jirage masu arha suka fara sauka a garin, kuma da yawa daga masu ɗaukar hoton dariya suke yi.

Ga lissafin. Da aka fara an ce aikin zai ci Yuro miliyan 80. A 2013 gwamnati ta amsa cewa ya haura miliyan 200. A 2015 'yan jaridar bincike na ƙungiyar BIRN suka bi takardun kwangila ɗaya bayan ɗaya, suka tarar ya wuce miliyan 560, a kan gine-gine da gumaka fiye da 130. Wannan a ƙasar da lokacin kusan mutum 3 cikin 10 na masu neman aiki ba su da shi, matsakaicin albashi kuma wajen Yuro 350 ne a wata. Garin kuma yana cikin kwari, duwatsu sun zagaye shi, in hunturu ya shiga hayaƙin itacen ɗumama gidaje da na motoci ya kan kwanta a kansa har ya shiga jerin biranen Turai mafi gurɓatar iska. Kwana huɗu na yi na dawo da tari.

Mutanen garin sun ba da tasu amsar a 2016, lokacin da shugaban ƙasa ya yi wa 'yan siyasar da ake bincike afuwa. Masu zanga-zanga suka cika balan-balan da fenti suka yi ta jifan fararen gine-ginen da ƙofar nasarar, har aka sa wa boren suna juyin juya hali mai launi. Shi kuwa Gruevski, kotu ta yanke masa ɗaurin shekara 2 a kan wata shari'ar sayen motar alfarma, ya tsere zuwa Hangari a Nuwamban 2018.

To a rushe su?

A nan na rabu da wasu da muke tare tun farko. Ban ga amfanin a sake kashe wasu miliyoyin a kan rusau ba. A Sofiya ta Bulgeriya an tarwatsa hubbaren shugaban kwaminisanci Georgi Dimitrov a 1999, sai da aka yi ta dasa nakiya ana sakewa kafin ya faɗi, kuma ban ga abin da fili ya koya wa kowa ba. A Tirana ta Albaniya kuwa, dalar da aka gina a 1988 don tunawa da tsohon shugaban ƙasar Enver Hoxha, an yi ta gardamar rushe ta, daga ƙarshe aka yi mata matakala aka mayar da ita wurin koyar da matasa fasahar kwamfuta, aka buɗe a 2023. Yara na hawa kanta suna cin gyaɗa. Wannan ya fi min.

Da ni ake tambaya, sai in ce a tuɓe rigar filasta daga duk ginin da asalinsa ke nan a ƙarƙashi, a fara da gidan gwamnati. A wanke kankaren, a gyara zauren gidan waya. A cire duk wani abin da aka dasa a tsakiyar kogi, domin ruwa ba ya son a tsaya masa a hanya. Dokin kuwa a bar shi. A ƙara masa allo ɗaya kawai, a rubuta shekarar da aka kafa shi, da kuɗin da ya ci, da albashin malamin makaranta a wannan shekarar. Ya riga ya zama tarihin garin shi ma, tarihin shekarun 2010 dai, ba na shekara dubu biyu ba. Jam'iyyar da ta kafa shi ta dawo mulki a 2024, don haka ba na sa ran ganin allon nan kusa.

Na taƙaita wannan duka na tura wa abokina a zauren. Ya amsa da cewa: "Malam, duk na ji, amma da dare fa yana da kyau." Na ce masa haka ne, da dare yana da kyau. Sai na tura hoton agogon tashar da na ɗauka, hannayensa a kan 5:17, bangon gefensa a ɓare. Mutum biyu suka duba. Kafin wani ya ce wani abu, sai ga saƙon farashin man fetur ya shigo, zance ya koma can.